Saƙo daga Birikston zuwa Gangare, Jos

Yaya, ina gaisuwa. A gaida Inna da yara.

Ka tambaye ni abin kasuwa. Akwai doya, manja, kuɓewa da busasshen kifi a kasuwar Birikston, nan kudancin Landan, sai dai komai a kan sikeli yake, babu ciniki balle gyara. Tumatirinsu manya ne masu sheƙi, amma ko kusa bai kai na Farin Gada ɗanɗano ba. Wuta da ruwan famfo ba sa yankewa, kuɗinsu ne ke ƙona aljihu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bangon unguwar. Bayan tarzomar da aka yi a unguwar a 1981 hukuma ta sa hannu aka zana manyan hotuna a jikin gine-gine. Akwai na yara suna wasa, baƙi da farare, wanda aka yi a 1982, yana nan har yau. A tashar jirgin ƙasa kuma akwai mutum-mutumi na tagulla da Kevin Atherton ya yi a 1986. Ba sarakuna ba ne, mutanen unguwa ne kawai tsaye da jakunkunansu suna jiran jirgi. Dandalin tsakiyar unguwa ma sunan jirgin ruwan Windrush ya ci, wanda ya kawo mutanen Karebiyan a 1948. Duk lokacin da na wuce sai na tuna masu zanen bayan manyan motoci a hanyar Bauchi, masu zana zaki da doki da dabino a jikin katako. Wallahi hannunsu bai gaza na nan ba. Bango ne kawai ba a taɓa ba su ba. Ga mu da gidan tarihi tun 1952, da tsofaffin mutum-mutumin yumɓu na Nok a ciki, amma ɗan Gangare nawa ne ya taɓa leƙawa in ba makaranta ce ta kai shi ba?

Kiɗa ma an yi masa tsari. A jirgin ƙarƙashin ƙasa, tun 2003 sai an saurari makaɗi an ba shi lasisi, sannan a ba shi wuri mai alama a ƙasa da lokacin da zai tsaya. Da yawansu suna ajiye 'yar na'ura, ka ɗora katin banki ka wuce. A bakin tasharmu akwai wani dattijo mai buga gangar ƙarfe irin ta Tirinidad, wadda ake ƙerawa da duron mai. Ranar Asabar da ta wuce na tsaya ina kallonsa cikin yayyafi, ya sa safar hannu mai yankakkun yatsu, sandunansa biyu masu roba a baki, ƙarfen yana fitar da sauti kamar ruwa na zuba a kwano. Na ba shi abin da ya samu, ya ɗaga kai ya yi murmushi.

Amma fa bai san ni ba, kuma ba zai sani ba. A gida mai kalangu na hango ka zai kama sunan kakanka, ganga ta faɗe shi kowa ya ji, kafin ka ankara hannunka na aljihu. Marigayi Ɗan Maraya da kuntiginsa kaɗai ya riƙe ƙasa har ya rasu a 2015. Ina ma a ce akwai bango guda kusa da Taminus da ke ɗauke da fuskarsa, da wata inuwa da matasa masu garaya da kuntigi za su riƙa zama duk yammacin Juma'a ba wanda zai kore su.

Labarin unguwa kuwa a takarda yake zuwa. In za a yi sabon gini, ƙaramar hukuma kan ɗaure sanarwa a jikin turken fitila, ta ba mutane kwana 21 su faɗi ra'ayinsu. Wannan ya burge ni ƙwarai, musamman in na tuna kasuwar Taminus da ta ƙone a 2002 da shekarun da 'yan kasuwa suka kwashe suna jin jita-jita. Sai dai tsohuwar da ke ƙofa ta uku da tawa ta rasu a watan jiya, ban ji ba sai bayan mako biyu, da na ga ana fitar da kujerunta. A Gangare da kafin a idar da Asuba an sanar a masallaci, kafin hantsi teburin mai shayi ya kai labarin ko'ina. Na kwana biyu abin yana damuna.

Don Allah in ka bi ta hanyar Bauchi ka ɗauko mini hoton bayan mota biyu ko uku, masu zaki ɗin nan. Akwai wata mai zane a layinmu da nake so ta gani.