Kafin ka sayi dardumar Farisa, juya bayanta

Akwai wani hoto da ba na gogewa daga wayata. Wata dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ƙashƙai, makiyayan ƙasar Iran, wato Farisa, tana durƙushe a kan masaƙarta da aka kafa kwance a ƙasa, yatsunta sun rine da ja. Ɗanta ne ya nuna min shi a shagonsa da ke Kasuwar Wakil a Shiraz, bayan na yi masa tayin wulakanci. Bai yi fushi ba. Juya dardumar kawai ya yi, ya sa na shafa ƙulle-ƙullen da mahaifiyarsa ta ɗaura ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta kama ni.

Shi ya sa nake cewa ka fara da baya. A saƙar hannu, zanen yana fitowa sarai ta baya, layukan kuma ba sa daidaita tsaf. Gezar da ke baki zaren tsaye ne na dardumar kanta. A ta inji kuwa ɗinka ta ake yi daga baya. Da yawa daga cikin waɗanda ake sayar mana da sunan "ta Farisa" aikin inji ne. Ba laifi ba ne ka saye su, amma kada ka biya kuɗin aikin hannu.

Sai ka tambayi kanka: ina za ta kwanta?

In falo ne mai yara da baƙi, ga ƙurar hunturu, nemi saƙar garin Bijar ko ta Heriz. Bijar ana dukan zarenta sosai har ta yi tauri da nauyi, shi ya sa ake mata laƙabi da dardumar ƙarfe. Naɗe ta ake yi, ba a ninkewa. Gabe, irin ta makiyayan lardin Fars, ulunta mai kauri ne, zanenta kaɗan, ga taushi a ƙafa. In ka ga launinta ya ɗan sauya daga wani sashe zuwa wani, kada ka ɗauka aibi ne. Zaren ne ba a rina shi a tukunya ɗaya ba. Shuɗin ma na baba ne, kamar na marinar Ƙofar Mata.

Na birni kuwa, irin su Tabriz, Isfahan da Kashan, bin zanen da aka tsara a takarda ake yi, ƙullinsu ƙanana. A Tabriz ana auna ƙanƙantar ƙulli da "raj", wato yawan ƙulli a kusan santimita 7, don haka raj 60 ta fi raj 40 kyau da tsada. A Nain lissafin a juye yake: da "la" ake aunawa, wato yawan silin da aka murɗa a zaren tsaye, don haka "la" 6 ta fi "la" 9. A 2010 UNESCO ta sanya saƙar Kashan da ta Fars cikin jerin al'adun duniya da aka gada.

Ta siliki, irin ta birnin Ƙum, ni dai ba zan shimfiɗa ta inda ake takawa ba. Bango ya fi dacewa da ita. A nan ne kuma aka fi yin cuta. Ka roƙi zare ɗaya ka ƙona: siliki na gaske warin ƙonannen gashi yake yi, jabu warin takarda. Ka kuma goga farin ƙyalle mai danshi, ka ga ko rinin zai bi shi.

Gabe ta dattijuwar nan na saya, a kuɗin da ɗanta ya faɗa. Tana nan a falona, da ƙaramin hoton akuya da ta saƙa a kusurwa, wanda 'yata ke shafawa kullum in ta zauna karatu.