Kwana uku a cikin kwando: hayar motar ɗaga ma'aikata a Gombe

Sito ne babba na ajiyar hatsi da taki a kan hanyar Bauchi, gaba kaɗan da Tumfure. Mai shi ya ba ni aikin wayarin ɗinsa gaba ɗaya: fitilu 24 a jikin ƙarafan rufi, fankar zuƙe zafi guda biyu a bangon gabas, sai manyan fitilun tsaro a kan fol huɗu a waje. Daga daɓe zuwa tsakiyar rufin mita 11 ne da 'yan kai. Shekara 17 ke nan ina aikin wuta a Gombe, na kuma san yadda muka saba yi. Ko dai a kira masu sikafo, wato dakalin ƙarafa da ake takawa a yi aikin sama, su kafa, a gama gefe guda, a kwance, a matsa gaba a sake kafawa, ko kuma a ɗaure tsani biyu da igiya a ce yaro ya hau. Wannan na biyun na yi alkawari ba za a ƙara yin sa a wurin aikina ba tun 2019, ranar da yarona ya faɗo daga irin wannan tsanin a kan idona, ƙugunsa ya karye. Yana nan da ransa, alhamdu lillahi, amma har yau da ɗingishi yake tafiya, aikin wutar ma ya bar shi.

Shi ya sa na je wurin wani kamfanin hayar injinan gini a cikin gari na ɗauki motar kwando, irin mai dogon hannu da ke lanƙwasawa. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, don akwai inda na yaba musu, akwai kuma inda suka ɓata mini rai. Motar ƙirar Genie ce mai shan dizal, kwandonta yana kai mutum kusan mita 14. Tare da ita na karɓi cen-bulok, wato na'urar ɗaga kaya da ake jan sarƙarta da hannu, mai ɗaukar tan ɗaya, don ɗaga fankokin.

Bari in fara da ɓacin ran. Mun yi da su ƙarfe takwas na safe, motar ba ta iso ba sai bayan azahar, yarana uku suna zaune ina biyan su kuɗin yini. Da aka sauke ta, sai ga mai yana tsattsafowa daga bakin wani tiyo na haidirolik a gindin hannun. Sai da aka kira makanikinsu ya zo ya sake shi, yinin ya tafi a haka, suka kuma so su lissafa mini shi cikakke. Mun yi ta ja-in-ja kafin su yarda su cire rabi. Takardar da ke nuna ranar da aka duba lafiyar motar a ƙarshe ma ba su zo da ita ba, sai da na nace aka turo mini hotonta ta waya. Injin da zai ɗaga ran mutum sama da mita goma bai kamata sai mai haya ya roƙi wannan takarda ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bel ɗin jiki, wanda mai aikin sama ke ɗaurawa saboda faɗuwa. Biyu suka kawo. Ɗaya lafiyarsa ƙalau. Ɗayan kuwa da na ja shi tsakanin yatsuna, sai na ji madaurin kafaɗa ya yi tauri kamar busasshen ƙirgi saboda fenti da ya sha, ga wata 'yar tsaga a gefensa, zare ya fara warwarewa. Na mayar musu, na ce ba wanda zai sa shi, su kawo wani. Washegari suka kawo sabo. Haka cen-bulok ɗin: ƙugiyarsa ta ƙasa ba ta da ɗan marfin nan da ke rufe bakinta ya hana igiya suɓucewa, an ɗaure wurin da waya. Shi ma sai da aka musanya.

To, duk da haka me ya sa nake cewa kuɗina bai tafi a banza ba? Saboda mutumin da suka haɗo ni da shi, mai tuƙa motar. Dattijo ne mai furfura a gemu, ba shi da yawan magana. Da safen rana ta biyu na ɗauka zai tayar da inji mu shiga aiki, sai na ga ya ɗauki guntun rodi yana zagaya filin da ƙafa, yana caka ƙasa. Duk wanda ya san Gombe ya san ƙasarmu yashi ce, sama ta yi kamar ta daddale, ƙasa kuwa ruwa ya riga ya rarake. A bayan sito, daidai inda za mu bi zuwa fol na uku, ya buga rodin sai muka ji ƙara irin ta ganga. Murfin sokawe ne yashi ya binne, mai siton ma ya manta da shi. Ya sa aka jera bulo kewaye da wurin. Ya ce mini, "Maigida, motar nan ta haura tan shida. In taya ɗaya ta nutse taƙi guda a nan ƙasa, can sama kwandon zai yi wurgi da mutum kamar dutse a bakin majajjawa."

Daga nan na fahimci dalilin da ya sa ya ƙi doguwar igiyar bel. Ni a da ina ganin aikin bel shi ne ya riƙe ka in ka faɗo. Shi kuwa gajeriya ya ɗaura mana, ya maƙala ta a zoben ƙarfe da aka yi domin haka a cikin kwandon, ba a jikin shingen kwandon ba, ba kuma a ƙarfen rufin sito ba. Gajeriyar igiya ba ta barin ka fita daga kwandon tun farko. In kuwa ka ɗaura a jikin rufi motar ta motsa, kai za a finciko. Sau ɗaya babban yarona ya ɗora ƙafa a kan shingen tsakiya don ya kai hannu ga wata fitila, dattijon bai yi masa tsawa ba, ya dai ce, "Sauke ƙafarka, ɗana, ni zan kai ka." Ya matsa da kwandon taƙi biyu, aka gama.

A jikin kwandon akwai ɗan faranti da aka rubuta kilo 227, mutum biyu. Wannan nauyin har da kayan aiki ne. Ni da shi mun kusa kilo 160, saura kaɗan ne na fitilu da akwatin kayan aiki, don haka fitila huɗu-huɗu muke hawa da su. Da aka zo kan fankokin, yarana suka kawo shawarar a ɗaure fanka a ƙasan kwandon a ɗaga, tunda ga inji. Ya girgiza kai, ya ce kwando na mutum ne, kaya na cen-bulok. Muka rataye cen-bulok a jikin babban ƙarfen da ke ɗauke da rufin, bayan na tambayi maƙerin da ya haɗa rufin ya tabbatar mini zai ɗauka. Muka ɗaura wa fankar igiya a gefe, yaro ɗaya yana riƙe da ita daga nesa don kada ta yi ta juyawa, aka kuma ja layi da gawayi a daɓe, ba mai tsallaka shi muddin kaya na sama. Jan sarƙar yana cin lokaci, hannu ya yi zafi, amma fankokin biyu sun zauna ba tare da ko ƙwarzane ba.

Aiki a cikin sito da injin dizal yana da nasa wahalar. Kamfanin ba su da mai batir, ita ce ta dace da cikin gini. Sai muka wangale manyan ƙofofin biyu, dattijon yana kashe injin duk lokacin da muka tsaya a wuri ɗaya. Duk da haka da yamma kaina ya ɗan yi nauyi. Wanda zai yi aiki a rufaffen ɗaki, ya nemi mai batir ko ya haƙura da wannan.

Wani abu da ban taɓa tunaninsa ba sai da na shiga tsakanin ƙarafan rufin: mutum na iya matsewa tsakanin kwando da ƙarfe in ana ɗagawa yana kallon ƙasa. Saboda haka kafin mu fara hawa ya kira ƙaramin yarona ya nuna masa maɓallan da ke jikin motar a ƙasa, ya koya masa yadda ake juya makulli a karɓe iko daga na sama, da yadda ake sauko da kwando da ƙarfin batir in injin ya mutu. Ya sa shi ya gwada sau uku kwandon ba kowa. Yaron nan ya wuni a gindin motar bai taɓa filaya ba, ni kuwa na biya shi cikakken kuɗin yini ban ji ciwo ba.

Inda muka yi saɓani da dattijon, kuma daga baya na ga shi ke da gaskiya, shi ne fol na huɗu. Babban layin wuta mai ƙarfin 11kV, wato bolt dubu 11, ya bi ta bayan katanga, kusa da kan fol ɗin. Ranar an ɗauke wuta tun safe, unguwar duka janareto ke kuka. Na ce masa mu yi sauri mu gama kafin a kawo. Ya dube ni ya ce, "Maigida, kai ne mai aikin wuta. Wa ya gaya maka ƙarfe nawa za a dawo da ita?" Ban da amsa. Mu da muke wannan sana'a mun fi kowa sanin cewa ɗauke wuta daban, kashe layi daban. Ana iya maido ta ba sallama, janareton wani da aka haɗa ba daidai ba ma yana iya turo wuta baya. Hannun motar ƙarfe ne zalla, kuma wuta mai irin wannan ƙarfi ba sai ka taɓa waya ba, tana iya tsallako tazara ta same ka. Ƙa'idar da aka sani ita ce kada kwando ko mutum ko abin da ke hannunsa ya matso ƙasa da mita uku, shi kuma ya fi son ya ninka, don waya tana lilo, kwando ma yana lilo. Sai na je ofishin JED, kamfanin rarraba wutar lantarki, na nemi a kashe layin a hukumance. Rana ta uku ma'aikatansu suka zo suka kashe layin, suka gwada, suka ɗaura masa wayar da ke zubar da wuta cikin ƙasa a gabanmu, sannan muka hau. Minti 40 muka yi a sama.

A ranar ce kuma, wajen la'asar, hadari ya haɗo daga gabas, irin na farkon damina da iska ke riga ruwa isowa. Saura fitila ɗaya mu daidaita fuskarta. Dattijon yana da 'yar na'urar auna iska a aljihu, kamar ƙaramar fanka. A jikin motar an rubuta iyakar iskar da za ta jure mita 12.5 a daƙiƙa, wato kilomita 45 a awa, amma bai jira lambar ta kai ba. Da ya ga jar ƙura ta taso daga wajen gari sai ya fara sauko da mu. Ƙafata na taɓa ƙasa iskar ta iso, ta yi awon gaba da kwanon rufin wata rumfa a tsallaken titi. Fitilar sai da safe muka gyara ta, ya zo da kansa kafin motar da za ta ɗauki injin ta iso, bai ce a ƙara masa ko sisi ba.

Kuɗin hayar kwana ɗaya ya kusa na sikafo na mako guda, ban da dizal da kuɗin dako. Mai sa fitila biyu a shago ba ya bukatarta. Amma aikin da da sikafo zai ci mini kwana goma na gama shi a kwana uku da 'yan awoyi, na kuma koma gida da yarana uku kowa a kan ƙafafunsa. Wanda zai ɗauka ya nemi takardar duba motar kafin ya ba da kafin alƙalami, ya taɓa bel ɗin da hannunsa, ya tambayi wane ne zai tuƙa da kuma shekarunsa a kanta.

Akwai wani aikin masallaci da ke jirana a Kumo bayan sallah, fankoki da fitilu a ƙarƙashin ƙubba. Na riga na gaya wa kamfanin cewa in ba dattijon nan za su turo ba, su bar motarsu. Bel kuwa na aika Kano an sayo mini nawa guda biyu, suna rataye a shago cikin ledarsu.