Masu kiwon mage ku yi hattara da mai tallar hular farcen nan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi da na so in yi shiru, don kunya ma nake ji a ce kamar ni aka yi wa wannan wayon, amma jiya na ga wata ƙawata ta ɗora tallar matar da ta sayar min da hular farcen mage a sitatus ɗinta na WhatsApp, shi ne na ce a'a, gara in faɗa ko wani zai tsira da kuɗinsa da magensa.

Ina da mage shekara biyu kenan tana hannuna, ba ta fita ko'ina, daga falo sai kicin. Matsalarta ɗaya, kujeru. Kujerun da Baba ya yi min na aure ta tsefe hannun babbar kamar soson wanka, labule ma bai tsira ba. Maigida ya gaji ya ce ko in san yadda zan yi da ita ko ya sa ta a buhu ya kai ta kasuwa ya sake. Ana cikin haka na ci karo da wani shafi a Instagram, ana tallar 'yan hulunan roba masu kala kala da ake sa wa mage a farce, ta yi ta yakushi amma ba abin da zai samu kujera.

Kar ku ce abin ƙarya ne daga tushe, akwai shi. Wani likitan dabbobi ne a Amurka ya ƙirƙiro shi, sunan wanda aka fi sani Soft Paws, kuma hoton kwalinsa ta sa a shafin nata. Nan ta same ni, don na duba a intanet na ga da gaske akwai, sai hankalina ya kwanta.

Na yi mata magana, ta turo saƙon murya, murya mai daɗi, Hajiyata kaza Hajiyata kaza. Ta ce tana Abuja, kayan daga waje suke zuwa, sau ɗaya ake sa wa sai ya shekara bai cire ba, kuma girma ɗaya ne yana shiga kowace mage, babba ko 'yar ƙarama. Naira 12,000, kuɗin mota 2,500. Da ta turo lambar akawun na ga sunan namiji ne, ba sunan shafin ba, na tambaya ta ce ai na ƙaninta ne nata ya samu matsala. Na ce a turo in biya in ya zo, ta ce saura biyu kawai, akwai masu jira. Ni kuma ga maigida da zancen buhu, kawai na tura.

Kwana tara sannan wani direba ya kira ni daga tasha, na aika yaro, direban ya ce ba a biya shi ko sisi ba, sai da na sake biyan kuɗin mota. Da na buɗe, ba kwali ba takarda, 'yar leda ce irin ta ƙullin gishiri, hulunan guda 20 a ciki, masu tauri kamar murfin biro, ka matsa da yatsa ba sa lanƙwasa. Gam ɗin kuma wani ɗan bututu ne ba rubutu ko ɗaya a jikinsa. Tun a nan ya kamata in tsaya, amma kun san in mutum ya riga ya kashe kuɗi sai ya dinga lallashin kansa. Na tambaye ta yadda ake sa wa, ta ce in cika hular da gam fal in tura ta har gindin farcen don kar ta cire.

Haka na yi, ƙanwata ta riƙe magen a zani ni ina sawa. Gam ya malalo ya kama gashin ƙafar, yatsu biyu suka manne da juna, baiwar Allah ta dinga kuka tana cizon ƙafarta tana yarfe ta. Na ce ƙila rashin sabo ne. Kwana uku ta fara ɗingishi, ta daina cin abinci, ta shige ƙarƙashin gado, da na jawo ta na ga yatsa ɗaya ya kumbura ya yi ja har yana ɗan wari.

Na kai ta asibitin dabbobi, likita ya yi ta fama yana yanka robar kaɗan kaɗan, ya aske gashin da ya manne, ya wanke ya ba da magani. Abin da na biya a can ya wuce kuɗin hular. Ya ce Hajiya wa ya ce miki wannan abin yana shekara? Shi ne ya zaunar da ni ya yi min bayani, kuma wannan ne nake so ku riƙe, don da na san shi da ko kallon tallar ba zan yi ba.

Farcen mage kullum girma yake, kuma saɓa yake yi, ɓawon sama ya fita sabo ya bayyana, dalilin yakushin ma kenan, sannan tana miƙe jikinta tana barin ƙamshinta a wurin. Saboda haka hula ta gaskiya sati 4 zuwa 6 take yi ta faɗi da kanta, wadda ba ta faɗi ba ma cire ta ake yi, in ba haka ba farcen zai yi ta tsawo a ciki ya lanƙwaso ya soki tafin ƙafar. Duk mai ce miki shekara ko har abada, ko dai bai san abin da yake sayarwa ba ko ya sani yana yi miki ƙarya. Ta gaskiyar roba ce mai laushi, kuma girma girma ce, akwai ta 'yan ƙanana, akwai ƙarama, matsakaiciya da babba. Kwalin yakan zo da guda 40 da gam ɗinsa da 'yan bakin ɗiga gam da takardar bayani. Gam ɗin ma ba cikawa ake ba, kamar kashi ɗaya cikin uku na hular, bayan an ɗan rage tsinin farcen ba tare da an taɓa jan wurin nan mai jini ba, kuma ba a bari gam ɗin ya taɓa fata ko gashi. Farcen mage 18 ne, biyar biyar a gaba, huɗu huɗu a baya, yawanci na gaban kawai ake sa wa. Ya ƙara da cewa magen da take yawo a waje tana hawa katanga ba a sa mata kwata kwata, da me za ta kare kanta in kare ya biyo ta?

Wani abu da ya ja min kunne a kai, in hakan ta same ku kar ku fizge da ƙarfi, kar ku zuba kananzir ko fetur don lashewa za ta yi, kuma kar ku kuskura ku ba mage farasitamol wai don zafi, kashe ta yake yi. Ni wallahi saura kaɗan in ba ta rabi a daren nan, Allah ne ya tsare.

Na dawo gida na tura wa matar hotunan ƙafar da takardar asibiti. Ta ce ni ce ban iya sawa ba, bayan saƙon muryarta na nan a wayata tana cewa in cika fal. Na ce to a dawo min da ko rabi ne, ta ce sai na turo 2,000 na buɗe fayil ɗin mayar da kuɗi, ku ji fa. Da na ƙi, sai bulok. Ƙanwata ta duba da wayarta ta ga an canza sunan shafin, hotunan dai su ne, an kulle wurin yin kwament, kuma hotunan godiyar kwastomomin nan duk salon rubutu ɗaya ne, har kuskuren iri ɗaya. Wata da na haɗu da ita a gurup ɗin unguwarmu ita ko ledar ma ba ta gani ba, wata biyu kenan ana ce mata mota ta lalace a hanya.

Ban sa sunan shafin ba don ba shi da amfani, gobe ma wani sunan ne. Ku dai lura da maganar shekara guda, da girma ɗaya, da akawun ɗin ƙani, da ƙin yarda a biya in kaya ya zo. Ku ce ta yi muku bidiyon kwalin a hannunta tana matsa robar. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya je bankinsa da rasit ɗin da wuri ya shigar da ƙorafi, ya kuma kai ƙarar shafin, ni na yi duka biyun ina jira.

Magen ta warke alhamdulillah, gashin ƙafar ne bai gama fitowa ba. Kafinta ya haɗa min katako a tsaye na naɗe shi da igiya na ajiye daidai hannun kujerar, ina kuma rage mata tsinin farcen duk bayan sati biyu zuwa uku yadda likita ya nuna min. Tana amfani da katakon, amma jiya na kama ta da labule.