Ford 9 ko Ford 8.8: wane aksil za a sa wa Ford ta 1932?

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa Ford ƙirar 1932 a can Amurka, irin wadda suke kira hot rod, da injin V8 mai ƙarfin doki kusan 350, kuma ka rasa wane aksil na baya za ka ɗauka tsakanin mai inci 9 da mai inci 8.8, wato faɗin babbar giyar da ke cikin kowannensu. Ga yadda nake ganinsu.

Mai inci 9 shi ne dattijon. Ford ta ƙera shi daga 1957 zuwa 1986, amma har yau kamfanoni irin Currie, Strange da Moser suna yin sabo fil. Abin da ya sa masu tsere ke sonsa shi ne cikinsa gaba ɗaya yana zarowa ta gaba, ka ɗora a kan tebur ka canja giya, ka mayar. Finiyonsa, wato ƙaramar giyar da farfela ke juyawa don ta juya babbar, yana da boris na uku a can ƙarshe da ke hana shi lanƙwasa idan an take mota, sannan shaf-shaf ɗinsa boris da faranti ne ke riƙe su a bakin taya. Aibinsa tsada da nauyi, kuma yana ɗan cin ƙarfin inji saboda finiyon ya sauka ƙasa sosai.

Mai 8.8 kuwa, nemi na Ford Explorer daga 1995 zuwa 2001 a wurin masu kwance motoci. Yana zuwa da birkin diski, shaf mai tsaga 31, giya irin 3.55, 3.73 ko 4.10, wato sau nawa farfela ke juyawa kafin taya ta juya sau ɗaya. Duba ɗan ƙarfen da ke maƙale a murfinsa: idan ka ga 3L73, giyar 3.73 ce kuma tayoyin biyu suna ja tare. Rauninsa biyu ne. Wani ɗan ƙarfe mai siffar C ne ke riƙe shaf daga ciki, in shaf ya karye taya na iya fita da shi. Sannan bututun da shaf ke bi ta ciki an cusa su ne a jikin kaskon giyar, shi ya sa ake zagaye su da walda.

Da doki 350 da tayar titi, ni 8.8 zan ɗauka, kuɗin da ya ragu na kai wa birki da farfela. Sai in kana da niyyar ƙara wa injin wuta ko ka riƙa canja giya don tsere, to nan 9 ya cancanci kuɗinsa.

Amma don Allah kada ka sayi komai sai ka yi awo. Ɗaga motar daidai tsayin da za ta zauna, jera tayoyin baya da wilinsu inda kake so, ka auna daga fuskar wili zuwa fuskar wili. Na Explorer kusan inci 59 da rabi ne, kuma finiyonsa ya karkata zuwa dama. Dabarar da aka saba ita ce a rage dogon ɓangaren kusan inci uku, a sa gajeren shaf a kowane gefe, sai finiyon ya dawo kusa da tsakiya.

Wajen walda ake yawan ɓata aiki. Zafi yana lanƙwasa bututu, boris ya riƙa mutuwa ba a san dalili ba, don haka a ɗiga walda kaɗan-kaɗan, a sa sandar saiti a ciki. Kafin a ƙone maƙalan da ke riƙe aksil a jikin motar, nauyin motar ya kasance a kan tayoyinta, layin finiyon da layin bakin giyabos su tafi kafaɗa da kafaɗa ba tare da sun haɗu ba, kusurwar farfela ta tsaya tsakanin digiri 1 da 3. In ba haka ba karkarwa za ta dame ka.

Giya kuma ta dogara da giyabos ɗinka. Da taya mai inci 28 da 3.73, a mil 60 cikin awa injin zai juya kusan sau 2,700 a minti. In kana da giyabos ɗin otomatik na GM mai suna 700R4, giyarsa ta huɗu za ta sauke shi zuwa wajen 1,900. Faɗa mana giyabos ɗin da girman tayar, sai mu lissafa tare.