Na shiga gidan da ake dafa wiski a Dublin, ni da ko ɗanɗane ban taɓa yi ba

Kafin a fara jifa ta, bari in faɗi yadda aka yi. Ba na shan giya, ban taɓa sha ba, kuma ba a Dublin na je farawa ba. Muna karatun sarrafa abinci a Ingila ni da wani abokina ɗan Jos, sai muka samu hutun kwana uku muka ce bari mu leƙa Ayalan. Daga Manchesta tafiyar ba ta cika awa ɗaya a jirgi ba, bizar ce ta fi ba mu wahala, don mai fasfon Najeriya sai ya nemi ta Ayalan daban. Ta Ingila ba ta shigar da kai.

Mun yi yarjejeniya kowa ya zaɓi wuri ɗaya, ɗayan ya bi shi ba musu. Ni na zaɓi ɗakin adana littattafai na Chester Beatty, inda ake ajiye Alƙur'anin da Ibnul Bawwab ya rubuta da hannunsa a Bagadaza sama da shekara dubu da suka wuce. Shi kuwa da nasa zaɓin ya zo sai ya turo min tikiti biyu a waya, ya riga ya biya.

Na ce, "Haba mutumina, gidan giya za ka kai ni?"

Ya ce, "Malam, ba mashaya ba ce, masana'anta ce. Ka ɗauka kunun zaki ne da ya yi kwanan tukunya."

Na yi ta juya abin a raina har dare. Daga ƙarshe son ganin injina ya rinjaye ni, na bi shi. Ba zan faɗi sunan gidan ba, don ina da ƙorafi a kansu, kuma ba talla na zo yi wa kowa ba. Yana dai cikin unguwar Liberties, tsohuwar unguwar ma'aikata da ke kudu da kogin Liffey, inda kamfanin Guinness yake tun 1759.

An tara mu kamar mutum ashirin, yawanci Amurkawa, aka sa mana wani ɗan fim, sannan wata budurwa mai saurin magana ta ja mu ciki. Abin da ya fara dukan hancina ya ba ni mamaki. Na shiga ina jiran warin da ke tashi idan ka ratsa bayan mashaya, sai na ji ƙamshin gidan burodi da asuba, haɗe da ɗumin hatsin da aka jiƙa. A wannan ɓangaren babu giya tukuna, sha'ir ne kawai da ruwan zafi.

A nan na gane abokina bai yi ƙarya duka ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake yin tsiro don kunun zaki ya riga ya san rabin aikin. Ana jiƙa sha'ir, a baza shi har ya fara fitar da ɗan farin baki, sai a busar da shi da iska mai zafi kafin tsiron ya cinye abin da ke cikin ƙwayar. A niƙa, a zuba a wata ƙatuwar tukunya, a kwarara ruwan da zafinsa ya ɗan haura digiri 60, a yi ta motsawa har garin ya saki zaƙinsa. Ta ɗebo mana ƙwayoyin a tafin hannu. Na tauna ɗanyen sha'ir, tauri kamar tsakuwa, ba ɗanɗano. Na tauna mai tsiron, sai ya ruguje a baki da ɗan zaƙi irin na biskit. Dusar da ta rage bayan an tace, manoma ke kwashewa su ba shanu, yadda ake yi da dusar gasara a gida.

Abin da ya fi burge ni a wannan ɗaki labarin haraji ne. A 1785 hukuma ta ɗora haraji a kan sha'ir mai tsiro. Masu sana'ar suka ce to shi ke nan, suka riƙa cakuɗa shi da ɗanye don su rage abin da za su biya. Wannan dabarar kauce wa haraji ita ce yau ta zama abin alfaharin ƙasar, har doka ta tsara ta: nau'in da suke kira na tukunya ɗaya dole kowanne daga cikin sha'irin biyu ya kai aƙalla kashi 30 cikin 100. Ɗan kasuwa dai ɗan kasuwa ne ko a ina aka haife shi.

Daga nan aka wuce wurin da ake zuba yis. Ta buɗe murfin wata ƙatuwar ganga ta ce kada kowa ya zura kai sosai. Wani Ba'amurke bai ji ba, ya shaƙa, ya ja da baya yana tari hawaye na zuba. Ruwan na ta kumfa shi kaɗai kamar ana hura masa wuta a ƙasa. Cikin 'yan kwanaki yis ya cinye zaƙin, abin ya zama giya mai ƙarfin kusan kashi 8 cikin 100. Ni dai daga bakin wannan gangar na ja baya na sa hannu a aljihu. Iyakar kunu ke nan.

Tukwanen jan ƙarfe su ne abin da kowa ya zo ɗauka hoto, kuma sun cancanta. Kowacce ta ninka tsayin mutum, ƙasanta ya buɗe kamar tulu, wuyanta ya miƙe sama sannan ya lanƙwashe. Ɗakin da zafi har na cire rigar sanyi. Hikimar ba ta da wuya: barasa na tafasa a digiri 78, ruwa sai ya kai 100. Idan ka dafa a hankali, tururin barasar ne zai riga tashi, ya bi wuyan tukunya, ya faɗa bututu mai sanyi, ya koma ruwa. Yawancin wiskin Ayalan sau uku ake yi masa haka, na Sikotilan yawanci sau biyu. Jan ƙarfen ma ba ado ba ne, shi ke kama sinadarin da ke sa wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Kuma ba duk abin da ya ɗigo ake ɗauka ba. Na farko da na ƙarshe ana ware su a mayar tukunya, tsakiyar kawai ake so. Tana fita ta cikin wani akwatin gilashi mai kwaɗo, gadon zamanin da jami'in haraji ne ke riƙe da makulli don kada a ɗebi ko cokali ba a rubuta ba.

Ina tsaye a nan wani abu ya ɗan sosa min rai. Irin wannan tukunya malaman kimiyya na ƙasashen Musulmi ne suka kyautata ta, da ita ake fitar da ruwan wardi da turare. Sunan da Turawa ke kiran ta ma daga al-anbiƙ na Larabci ya fito, haka kalmarsu ta barasa daga al-kuhl take, wato kwallin da iyayenmu mata ke rambaɗawa. Mai jagorar ta ambaci Larabawa a jimla ɗaya ta wuce. Ta fi daɗewa a kan cewa sunan wiski daga harshensu ya samo asali, uisce beatha, wai ruwan rai. Na ce a zuci, kowa da abin da yake kira rai.

Abin da ke fitowa daga tukunya ta uku fari ne tas kamar ruwan famfo. Launin nan na zuma yawanci daga katako yake. Dokar ƙasar ta ce sai ya yi aƙalla shekara 3 a gangar katako, a tsibirin Ayalan, kafin a kira shi wiskin Ayalan, kuma ba a sa shi a kwalba ƙasa da kashi 40 cikin 100. Yawancin gangunan kwance ne daga Amurka, don can dokar wiskinsu na bourbon ta ce sabuwar ganga za a yi amfani da ita kowane karo, sai tsofaffin su yi arha. Duk shekara kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke ciki yana bin iska ta jikin katakon. Suna kiran wannan asarar rabon mala'iku. Jama'a suka yi dariya, ni na yi istigfari a hankali, abokina ya taɓa ni da gwiwar hannu.

Ƙorafina na farko a nan yake. Na ɗauka za a kai mu rumbun da ganguna ke jere har rufi, irin wanda ake gani a hotuna. 'Yan ƙalilan aka nuna mana, aka ce ainihin ma'ajiyar tana wajen gari. Rabin sana'ar ke nan ba mu gani ba.

Sai dai dalilin da ta kawo ya biya ni, don shi ne labarin da ya fi zama min a kai. Ranar 18 ga Yunin 1875 gobara ta kama wata ma'ajiya a cikin wannan unguwa, mai ganguna kusan 5,000. Gangunan suka fashe, wiski ya malalo kan titi yana ci da wuta, yana bin kwata kamar ambaliya. An ji tsoron idan aka zuba ruwa zai ƙara yaɗa wutar. Shugaban 'yan kwana-kwana ya sa aka yi ta lodo kashin dawaki ana tare hanya da shi, da haka aka tsayar da ita. Mutum 13 suka mutu a wannan masifa, kuma babu ko ɗaya da wuta ta ƙona ko hayaƙi ya shaƙe. Dukkansu sha suka yi. Mutane sun fito da huluna da takalma suna ɗiba daga kwata. Ta ba da labarin cikin raha, aka yi ta ƙyaƙyatawa. Ni ban ga abin dariya ba, tankar mai da ta faɗi a bakin hanya na tuna, da masu rugawa da jarkoki.

Tarihin faɗuwar sana'ar ma ta bayar da shi da kyau, ba ta ɓoye laifin mutanenta ba. A ƙarni na 19 Dublin ce kan gaba a duniya a wannan harka, da gidajen John Jameson da John Power da George Roe. A 1830 wani tsohon jami'in harajin Ayalan, Aeneas Coffey, ya yi rajistar wata na'ura mai dafawa ba tsayawa, mai arha. Manyan Dublin suka raina ta, 'yan Sikotilan suka rungume ta suka ƙwace kasuwa. Sai Amurka ta haramta giya daga 1920 zuwa 1933, sai rikicin ciniki da Ingila bayan samun 'yanci ya toshe musu kasuwannin daular Birtaniya. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 an daina dafa ko ɗigo a cikin Dublin, tsibirin gaba ɗaya ya koma wuri biyu, Midleton da Bushmills. Sai a 2015 aka sake buɗe sabuwar masana'anta a birnin. Duk mai sana'ar da yake ganin shi ne sarki, wannan minti goman ya ishe shi.

Sannan aka kai mu inda aka nufa tun farko, ɗakin ɗanɗane. An jera ƙananan kofuna uku-uku a gaban kowace kujera, har da tawa. Na gaya wa yaron da ke rabawa ba na sha. Bai yi min wani kallo ba, gaskiya, ya kwashe ya kawo min lemon kwalba. To amma tikitin ya haura Yuro 20, kuma kuɗin mai sha da na wanda ba ya sha ɗaya ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na lokacin a wannan ɗaki aka ƙare shi, ana ta shinshina kofi ana cewa ana jin ƙamshin tuffa da zuma. Na ɗauki lemona na fita waje, don zama a teburin da ake sha ba nawa ba ne. Hanyar fitar kuwa ba ta da wata kwana sai ta cikin kantinsu, ka ratsa kwalabe da riguna da huluna kafin ka ga titi.

Da abokina ya fito sai ya ce na tsakiyar ya fi masa daɗi, ba ya ƙona maƙogwaro. Iyakar abin da zan iya kawo muku ke nan game da ɗanɗano, kuma a bakinsa na ji.

La'asar ta yi, na bar shi a wani shagon shayi na taka zuwa masallacin Dublin da ke titin South Circular, tafiyar da ba ta kai minti ashirin ba. Tsohuwar coci ce aka saya aka mayar masallaci. A hanya na yi ta shinshina hannun rigata. Ƙamshin sha'ir ne ya kama ta, ba wani abu ba, amma sai da na cire rigar saman na ninke ta a wurin takalma kafin na shiga sahu.

Ga mai tambaya ko ya cancanci zuwa: idan kana sha, abokina ya ce kuɗinsa bai faɗi ba. Idan ba ka sha, minti arba'in na farko darasi ne mai kyau, mai jagorar ta san aikinta, wurin tsaf yake, ba wanda ya matsa min. Amma an gina ziyarar ne don ta kai ka ga kofi, daga kofi ta kai ka kanti. Kuma ko da ba aljihuna kuɗin ya fito ba, kujerata an biya ta, wannan bai kwanta min ba har yau. Ba zan koma ba, kuma ɗan'uwana Musulmi da ya nemi shawarata zan ce ya wuce Chester Beatty, can ko sisi ba a biya.

Washegari muna yawo a titin O'Connell muka ci karo da gunkin wani limamin Katolika, Fada Theobald Mathew, wanda ya fara yaƙi da shan giya a Cork a 1838, har miliyoyin 'yan ƙasar suka yi masa alkawarin dainawa. A gidan wiskin ba wanda ya ambaci sunansa. Na ce wa abokina ya tsaya a gindinsa in ɗauke shi hoto. Ya ce sai dai ni in tsaya.