Campbell, Vogler ko Propp: wanne marubucin almara zai fara saya?

Duk mai rubuta labarin aljanu da dodanni, ko na jiragen da ke ratsa sararin samaniya, wata rana za a ce masa ya nemi littafi kan "tafiyar gwarzo", wato tsarin matakan da gwarzon labari kan bi daga farko zuwa ƙarshe. Littattafan nan ba su da araha, galibi ma sai an yi odarsu, don haka gara mutum ya san inda zai zuba kuɗinsa.

Wanda ya fi suna shi ne The Hero with a Thousand Faces na Joseph Campbell, na 1949. Mai shirya finafinai George Lucas da bakinsa ya ce ya amfana da shi wajen tsara fim ɗin Star Wars. Campbell ya raba tafiyar gwarzo matakai 17, tun daga kiran farko har dawowa gida. Sai dai bai rubuta shi don koyar da rubutu ba. Nazari ne na tatsuniyoyin duniya haɗe da tunanin masana halayyar ɗan'adam Freud da Jung, Turancinsa kuma da nauyi. Ka kuma sani cewa yana jera labaran addinai da tatsuniyoyi a faifai guda, abin da ba kowa zai yi na'am da shi ba.

In labarinka ya cije a tsakiya, Christopher Vogler ne mutuminka. Ya yi aikin tantance labarai a kamfanin finafinai na Disney, a 1992 kuma ya fitar da The Writer's Journey, inda ya taƙaita matakan zuwa 12. Ya fayyace rawar kowa: jagora mai ba da shawara, mai tsaron ƙofa, mai rikiɗa, da sarkin wayo irin Gizo. Kana karantawa kana gyara babinka. Aibinsa shi ne misalansa galibi finafinan Amurka ne, kuma mai binsa sau da ƙafa labarinsa zai fito kamar na kowa.

Ni dai zuciyata tana wajen Vladimir Propp. A 1928 wannan masani ɗan Rasha ya feɗe tatsuniyoyin ƙasarsu kusan 100, ya gano ayyuka 31 da ke maimaituwa a jere. Duba biyu daga ciki. Akwai hani da karya hani: uwa ta ce wa 'yarta kada ta buɗe ƙofa ko wa ya ƙwanƙwasa, ta buɗe, Dodo ya shigo. Akwai gwajin mai kyauta: tsohuwa a bakin rafi ta ce a cuɗa mata baya, wadda ta cuɗa ta samu abin tsari, wadda ta yi tsaki ta tafi hannu rabbana. Wanda ya tashi da gatanan gatananku zai gane su nan take. Littafinsa, Morphology of the Folktale, siriri ne, amma cike yake da alamomi kamar littafin lissafi, sai an yi haƙuri. Nemi bugu na biyu na fassarar Turanci, na 1968.

In mace ce tauraruwar labarinki, ki leƙa The Heroine's Journey na Maureen Murdock, na 1990, kodayake ya fi karkata ga halayyar ɗan'adam.

Mai kuɗin littafi ɗaya da ke son kammala labarinsa bana ya ɗauki Vogler. Wanda almararsa ke tsotso daga tatsuniya ya fara da Propp. Campbell kuwa a aro shi tukuna, a karanta babin farko kafin a biya.