Jingar intanet ko ta takarda da allon wayarin: amsa ga malamin lantarki

Malam, ka ce kana koya wa 'yan aji biyu wayarin ɗin gida a kwalejin fasaha, kuma ana matsa maka ka riƙa ba su jinga ta intanet maimakon wadda ake yi a takarda a gwada a ɗakin aiki. Kana son sanin wacce ta fi. Na jarraba duka biyun da ɗalibaina, ga abin da idona ya gani.

In dai fahimtar yadda wuta ke tafiya ne, intanet ta yi wa takarda fintinkau. Akwai manhajar PhET ta Jami'ar Kolorado da ke Amurka, kyauta ce, kuma ana iya sauke ta a yi aiki da ita ko babu data. Yaro zai jona ƙwan fitila biyu a jere, ɗaya bayan ɗaya, ya ga haskensu ya dushe. Ya sake jona su kowanne da hanyarsa, ya ga sun haska tar. In ya haɗa kan batir da gindinsa kai tsaye, sai ya ga batirin ya kama da wuta a fuskar salularsa, ba wanda ya ƙone, ba asarar ko sisi. A takarda kuwa, dokar Ohm, wato lissafin yawan wutar da ke bi ta waya, hadda ce kawai, a zuba a jarrabawa a manta.

Amma inda hankalina ba ya kwanciya shi ne ka ce wa yaro "je ka bincika a YouTube" ka sake shi haka nan. Da yawa daga bidiyon da zai ci karo da su na Amurka ne, su kuwa wutarsu ta gida bolt 120 ce, tamu 230. Dutsen guga mai wat 1000 a can yana jan amfiya 8.3, a nan 4.3, ka ga tun daga lissafi an raba hanya. Sunan kaurin waya ma daban ne: su suna cewa lamba 14 da lamba 12, mu muna cewa milimita sukwaya 1.5 na fitilu, 2.5 na soket. Babbar matsalar ita ce launi. A Amurka baƙar waya ita ce mai wuta, fara ita ce nutural, wato hanyar da wuta ke komawa. A tsohon tsarin Ingila da muka gada, wanda har yau ya cika gidajenmu, ja ce mai wuta, baƙa kuwa nutural. Ga kuma sabon tsari: ruwan ƙasa mai wuta, shuɗiya nutural, alhali a tsohon tsarin layi uku shuɗiya tana cikin masu wuta. Launi ɗaya, ma'ana biyu, kuma rai ne a tsakani.

Wani yarona mai hazaƙa ya taɓa kawo mini allon da ya haɗa bayan ya kwana kallon bidiyo. Aiki tsaf, wayoyi a miƙe kamar an ja su da zare. Da na buɗe makunnin sai na tarar baƙar waya ya yanke ya bi da ita ta ciki, ja kuma ta wuce kai tsaye zuwa mariƙin ƙwai. Fitila tana kamawa tana mutuwa daidai, shi ya sa yake ta murmushi. Na kashe makunnin, na miƙa masa tasta, abin gwada ko akwai wuta, na ce ya taɓa cikin mariƙin. Tasta ta kawo ja. Ya yi shiru yana kallonta. Da a gidan mutane ne, duk wanda ya hau kujera zai canza ƙwai da tunanin ya kashe wuta, ita ce za ta ja shi.

Wannan darasin a ɗakin aiki kaɗai ake samunsa. Haka ma feɗe waya ba tare da filaya ta cinye silin tagulla ba, da ɗaure sukurun soket ya kama gam. Sako-sakon ɗauri shi ne ke zafi a hankali har ka ji warin roba, kuma manhajar ba ta da sukuru mai kwancewa. Kada ka manta, jarrabawar NABTEB ta kammala kwalejin fasaha tana da ɓangaren aikin hannu, ranar kuwa yatsun yaro ne za su yi magana.

Batun kuɗi ba ya buƙatar dogon bayani. Takarda da biro kowa yana da su, salula mai data da caji ba kowa ba, musamman 'yan kwana. Allon gwaji kuma yana cin waya da makunni duk zango. Kwafe kuwa ta ko'ina ana yi, sai dai ta WhatsApp ya fi sauri: mutum ɗaya ya yi, talatin su turo.

Abin da nake yi yanzu ke nan. Ni nake zaɓar abin da za su kalla, bayan na kalle shi daga farko har ƙarshe. Jingar kuma ina ɗaure ta da gidan kowa: ya ɗauki hoton tambarin da ke jikin kayan wuta uku, kamar fanka da firji da hita, ya lissafa abin da kowanne ke ja a bolt 230, ya faɗi kaurin wayar da ta dace. Tunda kayan gidaje sun bambanta, kwafe ya yi wuya. Ina gargaɗinsu da babbar murya kada wanda ya buɗe akwatin fis ko mita don jinga. Marasa salula ina haɗa su uku-uku da mai ita, ko su kwafo lambobin a takarda.

Kashegari sai mu shiga ɗakin aiki, kowa ya haɗa abin da ya zana, kuma ba a ba allo wuta sai na auna shi da mita. A makina, jingar intanet kashi uku ce cikin goma, allo yana da bakwai. Ka fara da darasin makunni biyu na matakalar bene, za ka gane wanda ya fahimta da wanda ya kalla kawai.